Tsofaffin Jiragen Sama Ba Kayan Gwangwan Ba Ne

Yau maganar ƙarfe za mu yi, ƙarfen da ya taɓa tashi sama, yanzu kuma yake kwance a gefen filayen jirgi, ciyawa ta cinye tayoyinsa, tsuntsaye sun yi sheƙa a cikin injinsa. Ra'ayinmu shi ne tsofaffin jiragen sama, na yaƙi da na fasinja, kayan tarihi ne kamar takobi da sulke da tsohon kundi, sun cancanci a san su, a yaba aikin hannun da ke jikinsu, a kuma ajiye wasu domin na baya. Muna sane da cewa akwai masu ganin wannan sha'awa ta 'yan gata ce, akwai kuma masu ganin bai dace a yaba abin da aka ƙera domin kisa ba. Duk za mu zo kansu, domin maganarsu tana da nauyi.

Mu fara da Kano. Ranar 27 ga Oktoba, 1925, jirage uku na sojan saman Ingila suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira, suka bi ta Sudan da Chadi da Maiduguri, suka sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba. Babu filin jirgi a lokacin, a filin wasan dawaki suka dira. Zamanin Sarkin Kano Usman ne. Jagoran tafiyar wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham, wanda daga baya ya shugabanci rundunar saman Ingila a yaƙin hamadar Arewacin Afirka, a ƙarshe kuma ya ɓace a cikin wani jirgin fasinja a tekun Atlantika a watan Janairun 1948, har yau ba a ga ko ɓaraguzansa ba. Wannan sauka ta 1925 ita ake ƙirgawa a matsayin mafarin zirga-zirgar jiragen sama a Nijeriya. A 2025 ta cika shekara 100 cif.

Wane irin jirgi ne suka zo da shi? Sunansa DH.9A, mai fukafukai hawa biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, an ɗaure su da sanduna da wayoyi. Ƙashin jikinsa katako ne, fatarsa kuma yadin lilin da aka ɗinka a kai, aka shafa masa wani irin fenti mai sa yadi ya ɗame kamar fatar kalangu. Injinsa ƙirar Amurka ne mai suna Liberty, silinda 12, ƙarfin doki 400, gudunsa bai wuce kilomita 200 a awa ba. Mutum biyu yake ɗauka, kuma babu rufi a kansu, iska da rana da ƙura duk nasu ne. Da taswira da kamfas suka ratso hamada. Wato abin da ya keto sararin sama daga Masar zuwa Kano aikin kafinta ne da tela da makanike. Duk wanda ya tsaya gaban irin wannan jirgi zai daina ganin tashi sama kamar tsafi, zai gane cewa lissafi ne da haƙuri da hannu mai kyau.

To amma a ina mutum zai tsaya gabansa? An ƙera irinsa kusan 2,000, guda ɗaya tak na asali ya rage a duniya, yana gidan tarihin sojan sama da ke Hendon a Landan. Shi ma ya sha yawo: Jamusawa suka kama shi a 1918, suka baje shi a Berlin, yaƙi na biyu ya kai shi Poland, sai a 1977 Ingila ta karɓo shi ta hanyar musaya. Ba ya cikin ukun da suka zo Kano, amma ɗan uwansu ne. Dubi irin ɗawainiyar da aka yi a kan katako da yadi, don kawai yaron da aka haifa yau ya ga abin da idonsa. Gani ya kori ji.

Labarin bai tsaya nan ba. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Khartoum da Kano. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, Italiya ta shiga a 1940, tekun Bahar Rum ya zama tarko ga jiragen ruwan Ingila. Sai aka ɓullo da wata dabara. A zuba jiragen yaƙi a cikin akwatuna, a kawo su ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Ghana ta yau, a harhaɗa su a can, sannan a tuƙa su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira N'Djamena, El Geneina, El Fasher, Khartoum, har Alƙahira. Tafiyar ta doshi kilomita 6,000, tana cin kusan mako guda. Ayarin farko ya tashi a Satumbar 1940: Blenheim ɗaya mai inji biyu yana gaba yana nuna hanya, Hurricane shida suna biye kamar 'yan tsaki a bayan uwarsu. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya.

Mu tsaya mu yi tunani a kan wannan adadi. Dubban jiragen da suka yi yaƙi a Libiya da Masar sun sha mai a Kano da Maiduguri. Wa ya share filayen, ya fasa duwatsu, ya mirgina gangunan fetur, ya yi gadin dare? Mutanen ƙasa ne, iyaye da kakanni. Hanyar ma ba za ta yiwu ba da gwamnan Chadi, Félix Éboué, bai ɓalle daga gwamnatin Faransa mai biyayya ga Jamus ba a Agustan 1940. Jamusawa sun san muhimmancinta, shi ya sa a Janairun 1942 suka turo jirgin Heinkel guda ɗaya ya keto Sahara daga Libiya ya jefa bama-bamai a filin Fort Lamy, ya ƙona ajiyar mai. Har ƙurarmu ta bar alama a jikin jiragen: idan ka ga hoton Hurricane da wani ƙullutu a ƙarƙashin hancinsa kamar maƙoƙo, matatar iska ce da aka ƙara don kada yashi ya cinye inji.

Can gabas kuma, a dajin Burma, sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82, waɗanda Hausawa da sauran 'yan Arewa suka yi yawa a cikinsu, sun yi watanni a kwarin Kaladan da Arakan inda mota ba ta shiga. Abincinsu da harsasansu daga sama suke zuwa, jirgin Dakota ne ke sako su da lema. A Ingila kuwa akwai rundunar Spitfire ta 91 da aka raɗa wa suna Nijeriya saboda kuɗin taimakon yaƙi da aka tara a ƙasar. Wanda ya ce waɗannan jirage ba su shafe mu ba, bai bincika aljihun kakanninsa ba.

Yanzu me ake kallo a jikin tsohon jirgi har ake cewa yana da kyau? Abu na farko, kowane jirgi amsa ce ga wata matsala. Ɗauki Hurricane da Spitfire, waɗanda suka fara tashi a tsakanin wata huɗu, na farko a Nuwambar 1935, na biyu a Maris 1936, kuma inji iri ɗaya suke ɗauke da shi. Sydney Camm, mai zanen Hurricane, ya zaɓi tsohuwar hanya: bututun ƙarfe da katako, da yadi a rabin jikin na baya. Harsashi yakan ratsa yadin ya wuce, makanike ya like ramin a filin daga, gobe jirgi ya koma aiki. R. J. Mitchell, mai zanen Spitfire, ya zaɓi sabuwar hanya: fatar alminiyam gaba ɗaya, da siririn fiffike mai siffar ganyen mangwaro. Ya fi gudu, ya fi kyan gani, amma ya fi wuyar ƙira da gyara. A yaƙin sararin Ingila na 1940, Hurricane ne ya fi yawa kuma shi ya fi kakkaɓo jiragen Jamus, sai dai Spitfire ne ya tafi da suna. Mitchell bai ga ko ɗaya ba, ciwon daji ya ɗauke shi a 1937 yana da shekara 42. In aka ajiye jiragen biyu kusa da juna, yaro ɗan sakandare zai fahimci cewa aikin injiniya zaɓi ne: kowace riba da kuɗinta.

Abu na biyu, murya. Masu sha'awar waɗannan jirage sukan gane su da kunne kafin ido, kamar yadda tsohon direba ke gane motar da ke tafe tun tana bayan gari. Injin Merlin na Rolls-Royce, mai silinda 12 a jere biyu, da ruwa ake sanyaya shi, don haka hancin jirginsa siriri ne, kukansa kuma santsi gare shi. Injin da ake jera silindoginsa a da'ira kamar ƙafafun keke, iska ce ke sanyaya shi, hancin jirginsa faffaɗa ne, in za a tayar da shi sai ya yi tari, ya fesa hayaƙi, sannan ya daidaita. Na farko ya fi yanka iska, amma harsashi ɗaya a bututun ruwa ya isa ya kashe shi. Na biyu yakan dawo gida ko da an fasa masa silinda. Hoto ba ya ba da wannan ilimi, shi ya sa a Ingila ake kashe kuɗi don wasu su ci gaba da tashi. A Old Warden akwai jirgin Blériot na 1909 da har yanzu akan ɗaga shi sama kaɗan idan iska ta kwanta.

Abu na uku, juriya. A nan babu kamar DC-3, wanda sojoji ke kira C-47 ko Dakota. Ya fara tashi ranar 17 ga Disamba, 1935, shekara 32 daidai bayan 'yan uwan nan biyu, su Wright, sun yi tashinsu na daƙiƙa 12. Yana ɗaukar fasinja 21 zuwa 32, yana sauka a kan jar ƙasa da ciyawa, makanike mai sifana da basira yana iya riƙe shi. In an haɗa da waɗanda Rasha da Japan suka kwaikwaya, an ƙera fiye da 16,000. Ya yi yaƙi, ya kai abinci Berlin a 1948, ya yi wa kamfanin jiragen Afirka ta Yamma aiki, ya yi wa Nigeria Airways. Yau, bayan shekara 90, yana kai kaya ƙauyukan dajin Kolombiya da arewacin Kanada, wasu ma an canja musu inji sun yi wa sojan Mali da Muritaniya aiki. A zamanin da wayar hannu ke tsufa a shekara uku, abin da ya yi shekara 80 yana aiki ya isa a tsaya a tambayi yadda aka yi shi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai mu zo ga masu ƙorafi, mu fara da mafi nauyi. Suna cewa yawancin waɗannan jirage don kisa aka yi su, yaba su kamar yaba wuƙar da ta yanka ɗan uwanka ne. Gaskiya ne, kuma mu 'yan Afirka mun fi kowa hujjar faɗin haka. Bam na farko da aka taɓa jefawa daga jirgin sama a Afirka ya faɗo, a Libiya, ranar 1 ga Nuwamba, 1911, daga hannun wani matuƙi ɗan Italiya. A 1916 Ingila ta yi amfani da jirage a kan mayaƙan Sarki Ali Dinar a Darfur. A 1920 ta yi ruwan bama-bamai a kan sansanonin Sayyid Muhammad Abdullah Hassan a Somaliya. A 1935 da 1936 Italiya ta fesa wa Habasha iskar guba daga sama. Shi kansa DH.9A da ya sauka a Kano jirgin jefa bam ne, irinsa aka yi amfani da shi wajen murƙushe ƙauyukan Iraƙi a shekarun 1920. Zuwansa Kano ma ba yawon buɗe ido ba ne, gwajin hanya ne da nuna ƙarfin mulkin mallaka.

A gida ma mun ɗanɗana. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, jiragen MiG-17 na Rasha a Kano aka sauke su aka harhaɗa, aka ƙara da L-29 daga Chekoslobakiya da Ilyushin 28 masu jefa bam. Bama-bamai sun faɗa kasuwanni da asibitoci a gabas, fararen hula sun mutu. A Yunin 1969 an harbo jirgin agaji na Red Cross. Ɓangaren Biyafara shi ma ya kai hari da tsohon B-26, daga baya wani ɗan Sweden, Carl Gustaf von Rosen, ya kawo ƙananan jiragen koyon tuƙi guda biyar aka ɗaura musu rokoki, suka afka wa filayen Fatakwal da Benin da Enugu a Mayun 1969. A lokaci guda kuma tsofaffin jiragen fasinja suna sauka cikin duhun dare a kan wani titin mota a Uli, ɗauke da abincin yara masu yunwa. Kuma wannan tsoro bai zama tarihi ba tukuna. Mutanen Rann a jihar Borno, inda jirgin soja ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira a Janairun 2017, ba za su ji ƙarar jirgi kamar yadda ɗan kallo a Duxford ke jin ta ba.

Duk mun yarda da wannan. Inda muka rabu da masu ƙorafin shi ne a kan abin da ya kamata a yi. Narkar da jirgin ba ya dawo da wanda ya mutu, shaida kawai yake ɓatarwa. Idan babu abin da za a nuna, labarin yakan koma hannun mai bakin da ya fi kaifi, wani ya ƙara, wani ya musanta. Jirgin da ke tsaye da ramin bam a cikinsa ba ya bari a ce ba a yi ba. Abin da ke raba ajiyar tarihi da bautar makami shi ne rubutun da ke kan allon da aka kafa a gabansa. Amurka ta yi wannan rigima a fili. A 1995 gidan tarihin Smithsonian ya shirya nuna Enola Gay, jirgin da ya jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima ranar 6 ga Agusta, 1945, tare da hotunan waɗanda abin ya shafa. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji da 'yan majalisa suka tayar da ƙura, aka soke shirin, shugaban gidan ya ajiye aiki. A ganinmu masu son a nuna hotunan su ne da gaskiya. Amma ko wannan gardama ba za ta taso ba da an riga an yanka jirgin an sayar a kilo.

Haka Lancaster. An ƙera 7,377, biyu kacal ke tashi yau, ɗaya a Ingila ɗaya a Kanada. Allon gaskiya a gabansa dole ya faɗi abu biyu: samarin rundunar jefa bam ta Ingila fiye da 55,000 sun mutu a irin wannan aiki, kuma irin wannan jirgi ne ya ƙona Hamburg da Dresden da mutanen cikinsu. Mai kallo ya ji tausayin na sama, ya ji tausayin na ƙasa, ya kuma yi mamakin ƙirar. Zuciyar mutum tana iya ɗaukar ukun. A Nijeriya muna da misalin da ya doshi haka, gidan tarihin yaƙi na Umuahia da aka kafa a 1985, inda jiragen tarayya da na Biyafara ke tsaye a fili ɗaya. Wanda ya tsaya tsakanin Ilyushin da ɗan ƙaramin jirgin von Rosen zai fahimci wannan yaƙi fiye da wanda ya haddace ranakunsa don jarrabawa.

Ƙorafi na biyu: ai ba mu muka ƙera su ba, na Turawa ne, su je su yi ta ajiya. Wannan magana tana da daɗin faɗa, amma ba ma aiki da ita a sauran al'amuranmu. Takubban da ke fadojinmu da yawa ruwansu daga ƙetare ya zo, bindigar 'yan bindigar sarki ma haka, ba wanda ya ce a zubar. Abu yana zama naka idan ya ratsa rayuwarka. Jirgin Nigeria Airways mai tambarin giwa da fukafukai, wanda ya yi jigilar alhazai da ɗalibai daga 1958 har kamfanin ya durƙushe a 2003, namu ne. Jiragen Kabo da suka tashi daga Kano tun farkon shekarun 1980 namu ne. Dornier da Piaggio da aka fara koya wa sojan samanmu tuƙi da su a Kaduna bayan kafa rundunar a 1964 namu ne. Air Beetle kuwa, ƙaramin jirgin koyo da aka harhaɗa guda 60 a Kaduna, hannun 'yan ƙasa ne ya ɗaure ƙusoshinsa. Al'adarmu ba ta taɓa ƙyamar yaba abin hawa ba. Narambaɗa ya yi wa doki waƙa, Shata ya yi wa kumbon Apollo 11.

Ƙorafi na uku shi ne na ciki: ana fama da abinci, wa ke da lokacin tsohon jirgi? Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, in ji su. A nan ma sai mu bambance abu biyu. Riƙe tsohon jirgi yana tashi abu ne mai tsadar gaske, ba shi muke nema ba. Ajiye shi a ƙasa kuwa rumfa yake buƙata, da dakali, da fenti lokaci-lokaci, da mai gadi, da allo. Yanayinmu ma gata ne. Amurka ta zaɓi Tucson a hamadar Arizona don ajiye dubban tsofaffin jiragenta saboda busasshiyar iska da taurin ƙasa, tsatsa ba ta samun wurin zama. Kano da Katsina da Damagaram da Agadas sun fi Legas da Umuahia dacewa da wannan aiki nesa ba kusa ba. Abin da ake samu idan an yanka jirgi ɗaya kuɗi ne na rana ɗaya, a raba a cinye. Abin da ake samu idan an ajiye shi, 'yan makaranta ne za su yi ta zuwa shekara da shekaru.

Kada kuma mu ɗora laifi a kan 'yan gwangwan da masu zuba tukwanen dalma. Sana'arsu suke yi, abin da aka sayar musu suke saye, kuma sun fi mu sanin darajar ƙarfe. A 2013 hukumar filayen jiragen sama ta Nijeriya ta sa aka fara yanke gomman jiragen da aka yi watsi da su a filaye daban-daban. Tana da hujja, domin gawar jirgi a gefen titin sauka haɗari ce kuma maɓoya ce. Ba kowane jirgi ne abin ajiya ba. Tambayarmu ita ce, kafin a sa wuta, wa ke zama ya tantance ya ce wannan kam guda ɗaya a bar shi? Jirgin da aka narkar ba ya dawowa. Gini in ya rushe ana iya sake shi da tsohon zane, amma MiG-17 ɗin da ya yi yaƙin basasa in ya zama ludayi, ya tafi ke nan.

Ga abin da muke ganin ya dace. Na ɗaya, a yi ƙidayar abin da ya rage a Kaduna da Kano da Makurɗi da Zariya da Maiduguri, a ware guda ɗaya daga kowane iri: L-29, MiG-17, MiG-21, Jaguar, Air Beetle, da Alpha Jet da Hercules idan ranar ritayarsu ta zo. Na biyu, a fito da su inda talaka zai kai gare su. Jirgin da aka ɗora a kan dakali a ƙofar bariki ado ne, amma yaro ba ya iya matsawa ya leƙa kujerar matuƙi. Na uku, Kano, wadda ta karɓi jiragen 1925 da ayarin Takoradi, ita ta fi cancanta da irin wannan gida a Arewa, kuma kafintocinta da telolinta za su iya ƙera kwatankwacin DH.9A na kallo, tunda katako ne da yadi. Na huɗu, a sa ɗaliban kwalejin jiragen sama ta Zariya, wadda take nan tun 1964, su riƙa gyaran waɗannan jirage a matsayin darasi. Na biyar, allunan bayani su kasance da Hausa, boko da ajami, su faɗi wanda ya ƙera, da wanda ya tuƙa, da wanda abin ya faɗa wa.

Akwai kuma aikin da ba ya jiran gwamnati, kuma shi ya fi gaggawa, domin mutum ya fi ƙarfe saurin tafiya. Sojojin Burma kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Amma makanikan da suka yi wa MiG aiki, da matuƙa da ma'aikatan Nigeria Airways, da masu ɗaukar kaya a tsohon filin Kano, da dattawan da suka tafi Makka a jirgin farfela, da yawansu suna nan a unguwanninmu, suna zaune a ƙofar gida ba mai tambayarsu. Wayar da ke hannunmu ta isa ta naɗi muryarsu. Mu tambaye su sunan da suke kiran kowane jirgi da shi, yadda ake tayar da inji da asuba lokacin hunturu, ƙamshin man, irin tsoron da suka ji. Mu nemi tsofaffin hotuna da tikiti da katin aiki a cikin akwatunan gida kafin gara ta riga mu. Idan muka ga hoton tsohon jirgi, mu ƙoƙarta mu san sunansa na gaskiya, kada mu tsaya a kan "wani jirgin yaƙi". Kuma kada mu ɗauki hoto a harabar soja ba da izini ba, wannan doka ce kuma ta kare kai ce.

Waiwaye adon tafiya ne. Al'ummar da ke son 'ya'yanta su ƙera jirgi wata rana, sai ta fara ba su damar taɓa wanda wasu suka ƙera, su ƙirga ƙusoshinsa, su ga inda aka yi dabara da inda aka yi kuskure, su kuma ji abin da ya aikata a duniya, mai daɗi da marar daɗi. Wanda ke da tsohon ma'aikacin jirgi a gidansu ko a unguwarsu, ko ya san inda wata gawar jirgi ke kwance a garinsu, muna son jin labarin. Wanda kuma yake ganin duk da haka narkarwar ta fi, ya kawo hujjarsa mu tattauna. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.